Igiyar da Na Yanko a Bakin Rijiyar Barmo

Daga wani ƙauye kusa da Gangara, ƙasar Damargu, ƙarshen daminar 1927

Zuwa ga Gwaggo Bintu, mai filin shawarwari.

Assalamu alaikum. Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta takardar nan har ƙarshe ko da rubutun ya karkace. Ban taɓa rubuta wa wanda ban sani ba. Aji huɗu kawai na yi a lakwal, makarantar Nasara, a Damagaram lokacin Babana yana da rai, kuma ni ba mai magana ba ce, ko a aji in aka kira sunana sai muryata ta maƙale. Tambayata ƙarama ce, har kunyar yin ta nake ji. Wace irin igiya ce ta dace a riƙa jan kare da ita kullum? Amma in ban faɗa miki yadda aka yi ba, ba za ki gane abin da ya hana ni tambayar kowa a gidanmu ba.

Babana yana cikin masu kai wasiƙu a kan raƙumi tsakanin Damagaram da Agadas. Shi yake kawo takardarku ta labarai gida, ya sa ni in karanta masa filinki don in saba da karatu. Wani abokinsa Buzu ne ya ba shi ɗan kwikwiyo a hanya, ya zo da shi cikin jakar wasiƙu, muka sa masa suna Gwanki saboda tsawon ƙafafunsa. Yanzu ya girma, dogo ne siriri, kalar rairayi, ko ya ƙoshi ana ganin haƙarƙarinsa. Ba ya haushi sai da dalili. Kuma duk duniya Baba kaɗai yake kaɗa wa jela. Ni ma da nake ba shi abinci iyakarsa ya jingina da ƙafata.

Bara zazzaɓi ya ɗauke Baba, shekarar da aka tashi da gwamna daga Damagaram aka kai Yamai. Innata tun ina goye ta rasu. Sai aka kawo ni nan wurin kakata Tabawa, uwar Baba, da ƙanensa Baffa Hamidu. Abin da na zo da shi akwatin Baba ne da wuƙarsa da Gwanki.

Baffa ba ya son kare. Tun ranar farko ya ce shi bai ga abin da za a yi da dabbar da ba a ci, ba a tatsa, ba a hawa ba. Kaka ta ce a bar shi, ai zai kore mata dila daga awaki. Aka zauna lafiya har ranar da ya bi awakin maƙwabcinmu Idrisa da gudu, wani ɗan akuya ya faɗa rami ya karye. Wallahi wasa yake yi, bai ciji ko ɗaya ba. Amma Baffa ya ce daga ranar ba zai sake fita ba sai da igiya, in kuma ya ƙara jawo magana zai tafi da shi daji ya dawo shi kaɗai.

Ni nake kai fura gona kullum kafin azahar, gonar da nisa, kuma in na bar Gwanki a ɗaure a gida kuka yake yi har matan Baffa su fara tsaki. Dole in tafi da shi. Na fara da igiyar kaba, kwana biyu ya tauna ta, kuma ta yanke min tafin hannu, har yanzu da tabo. Na samu ta rama, raɓa ta jiƙa ta ta ruɓe, ranar da ya ga zomo sai ji na yi guntu ya rage a hannuna. Allah ya taimake ni ya dawo da na kira. Na ma gwada gefen tsohon zanen Kaka, wannan ko ƙofar gida ba mu kai ba.

Gwaggo, nan ne na yi abin da na yi. A hanyar gona akwai inda hanya ta rabu, wata siririya ta yi gabas, ciyawa ta kusa cinye ta. Wata rana na bi ta don neman inuwa, sai na tarar da wata tsohuwar rijiya, ana ce mata Rijiyar Barmo. Ba a ɗibar ruwa a cikinta. Ba wanda ya taɓa faɗa min dalili, ni kuma ba na tambaya. Kafin a kai bakinta akwai gwafa biyu a kafe, an ja igiyar fata daga wannan zuwa waccan ta tare hanya, daidai ƙirjina. Baƙa ce, mai laushi, tana sheƙi, da ƙulli uku a tsakiyarta. A Damagaram in ka ga igiya a kango, ta wanda ya tsinta ce. Na ɗauka masu ɗiba ne suka manta da ita tun da. Washegari na zo da wuƙar Baba na yanki tsakiyar, kamar gaba uku. Rana tana tsaka. Da zaren ƙarshe ya tsinke sai kurciyoyi suka taso daga cikin rijiyar gaba ɗaya, bayan sun wuce wurin ya yi tsit, ko kukan gyare babu. Na naɗe igiyar na sa cikin zane na gudu.

A gida na jiƙa ta, na kwance ƙullin nan uku da bakin wuƙa. Da Baffa ya tambaya na ce cikin akwatin Baba na same ta. Ban taɓa yi wa babba ƙarya ba sai ranar.

Gaskiya igiyar ta yi kyau. Ba ta yankar hannu, ba ta tsinkewa, kuma Gwanki ba ya tauna ta, sai dai ya yi ta lasa. Kwana biyu na ji daɗi. A na uku da muka zo mararrabar sai ya ja ni gabas, ja irin wanda bai taɓa yi ba. Ga ƙwaryar fura a kaina, na kasa tsayar da shi.

Ki san rijiyoyinmu na nan zurfi gare su, da sa ake jan guga. Sa ɗin yana tafiya nesa da igiya har guga ya fito, a yi masa kira ya juyo, saboda haka kowace rijiya tana da doguwar hanya da ƙafar shanu ta tattake. Ta Rijiyar Barmo tana nan har yanzu. Gwanki bai nufi bakin rijiyar ba. Cikin hanyar nan ya shiga, ya sunkuyar da kai, ya tafi a hankali har ƙarshenta, ina biye. Can ya tsaya ya ɗaga kunne kamar mai jiran a kira shi. Ni ban ji komai ba. Sai ya juyo. Sau uku ya yi haka. Kuma duk lokacin da muke tafiya nesa da rijiyar igiyar nauyi take yi a hannuna, ba irin nauyin jan kare ba, irin na guga in ya cika. In mun juyo sai ta saki.

Da ya gama sai ya je bakin rijiyar ya leƙa ƙasa, ya fara kaɗa jela. Gwaggo, tun da aka binne Baba ban ga jelar nan ta motsa ba.

Yau kwana goma sha tara ke nan, kullum sai mun je. Na gwada rufe masa ido da hannu a mararrabar, na gwada gudu, bai yi ba. Don kada ya ƙwace sai na riƙa naɗe igiyar a wuyan hannuna in ƙulle. Shekaranjiya ya ja ni har yatsun ƙafata suka taɓa itacen bakin rijiyar. Rairayi ya zube ciki. Na tsaya ina saurare, ban ji saukarsa ba.

Akwai kuma maganar ƙullin. A cikin ɗaki nake rataye igiyar, inda ruwa ba ya zuba, amma kullum da safe a jiƙe nake samun ta, da sanyi. Wata safiya na ga ƙullin nan uku sun dawo, kowanne a inda yake. Na kwance, bayan kwana biyu suka sake dawowa. Na bar su. To, makon jiya na ga igiyar ta lanƙwashe a gaban na ukun ta yi zobe, kamar an fara na huɗu ba a ja ba. Na miƙe shi, na ɗora dutsen niƙa a kai. Yanzu da nake rubutun nan ina ganin sa, ya koma.

Ban san ma'anarsu ba sai ranar da na je ɗibar ruwa a rijiyar gari. Balki, matar Idrisa, ta gan ni ta ce ga 'yar birni mai yawon tsakar rana, ta tambayi mata ko a lakwal ake koya wa yara jan ruwa da kare, in haka ne su ma a sayar da shanu a sayi karnuka. Aka yi ta dariya. Ashe daga gonarsu ana hango mu. Wata tsohuwa ta ce wa Balki ta rufe bakinta, wurin nan ba na wasa ba ne. Ita ce ta ba da labarin, ba ni take faɗa wa ba, amma ni take kallo. Ta ce a ƙasar nan in rijiya ta ci mutum, igiyar da aka zura shi da ita ba a ƙara aiki da ita. Tare hanya ake yi da ita, a yi ƙulli ɗaya don kowane rai, kuma kowace shekara bayan girbi dangin mamatan su je su shafa mata man shanu don kada ta bushe. Ta ce Barmo mahaƙi shi ne na farko, na biyu wani baƙo ne. Na uku Yahuza, ɗan farin Tabawa, wanda ya shiga yashe rijiyar shekarar yunwa ta rufta da shi, har yau yana ciki.

Baba bai taɓa faɗa min yana da wa ba. Ban san yadda na kai tulun gida ba.

Kaka idonta ya yi rauni, ba ta gani sosai. Amma ana sauran kwana biyu in ji wannan labari, tana zaune tana kaɗi, igiyar ta shafi ƙafarta. Ta ɗauka ta bi ta da yatsu, tana tsayawa a kan kowane ƙulli. A na ukun ta daɗe. Ta kai hanci ta shinshina, ta ajiye, ta ce in wanke hannu kafin in ci abinci. Ba ta ƙara cewa komai ba har yau, kuma ni ba na iya kallon fuskarta.

Ba wanda ya lura igiyar rijiyar ta yanke, don ba mai zuwa kusa. Amma maganar Balki ta kai kunnen Baffa. Ya tafi Belbeji duba shanunsa da ke wurin Fulani, kuma kafin ya hau raƙumi ya ce karen da rijiyar nan take kira ba zai zauna gida ɗaya da 'ya'yansa ba, in ya dawo bayan an yanke gero zai gama da shi. Gero ya fara nuna. In Baffa ya dawo zai kashe Gwanki, in kuma ya ji ni na yanko igiyar ban san abin da zai ce ba. Karen nan kaɗai ya rage min na Baba mai numfashi.

Don Allah ki faɗa min wace igiya zan samu wadda ba ta tsinkewa kuma ba ta kai mutum inda bai yi niyya ba. Wannan kuma in ƙone ta ne, ko in binne, ko in jefa ta cikin rijiyar ba wanda ya sani? Baba Haruna, abokin aikin Babana, shi zai kawo miki takardar in ya biyo da wasiƙu. Kada ki buga sunana. Ki yafe min tsawon magana, a baki ba zan iya faɗin ko rabinta ba.

Ni ce,
Marainiya mai kare

AMSAR GWAGGO BINTU

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan mahaifinki da mahaifiyarki. Rubutunki bai karkace ba, kuma na karanta shi sau biyu. Kafin takardarmu ta fito ta iso Damargu an gama girbi, shi ya sa na kwafi amsar nan da hannuna na ba Malam Haruna ya kawo miki.

Abu na farko, tun kafin ki karanta sauran: kada ki sake ɗaure igiya a wuyan hannunki, wannan ko wata. Karen da ya kai nauyin Gwanki in ƙasa ta zame da shi, da ke zai tafi. Kuma daga yau kin bar hanyar nan. Ki zaga ta bayan gari ko da furar za ta isa gona a makare. A yi miki faɗa, ba komai.

Yanzu ga tambayarki, kuma ba ƙarama ba ce. Na kai ta wurin wani tsohon baduku maƙwabcinmu da wani mafarauci da ya yi shekara talatin da irin karenki, bakinsu ya zo ɗaya. Igiyar yau da kullum ita ce ta jemammiyar fata, a yanka ta siri-siri a kitsa uku ko huɗu, kaurinta kamar ƙaramin yatsanki. Tsawonta kada ya wuce gaba ɗaya da rabi. Gaba uku da kika yanka ya yi yawa, kin ba shi filin da zai ɗauki gudu kafin ya fizge ki. A ƙarshenta a yi ɗan zobe da yatsu huɗu za su shiga, ki riƙe, ki iya saki in ta ɓaci. Wuyansa kuma kada a yi masa zarge. A ɗinka masa abin wuya na fata mai faɗin yatsu uku, don irinsu kansu siriri ne, siririn abu zamewa yake yi ko ya shaƙe su. In yatsunki biyu suna shiga ƙarƙashinsa, ya yi daidai.

Kaba ta ɗaurin akuya ce, kin riga kin ji a hannunki. Rama tana yi da rani, damina ce ba ta so. Igiyar gashin akuya da Buzaye suke tufkawa tana da laushi kuma ba ta ruɓewa, in fata ta gagara ita za ki nema a kasuwar Gangara. Sarƙa kuwa ki bar wa maƙera, nauyi gare ta kuma rana tana gasa ta. Amma ba sai kin nema ba. Badukun nan da ya ji labarinki ya zauna ya kitsa miki guda, tana cikin jakar Malam Haruna. Ya jiƙa ta da ruwan ɓawon maɗaci don ɗaci ya hana taunawa. Kada ki shafa mata man shanu, kuma in kun dawo gida ki cire ki rataye, ba abin wasansa ba ce. In ya ja, ki tsaya cik kamar an kafa ki, sai ta yi sako-sako ki ci gaba. Kwana goma za ki sha wuya, daga nan zai gane. Mafaraucin ya ce in faɗa miki irin wannan kare in bai yi gudu ba hankalinsa ba ya kwanciya, saboda haka bayan girbi ki riƙa kai shi fili da sassafe, nesa da awaki, ki sake shi ya gaji.

Sai maganar rijiya. Ni ma 'yar arewa ce, a wajen Tenhya aka yanke cibiyata, na san igiyar da kike faɗa. Yawancin abin da ya tsorata ki yana da dalili. Fatar da ta yi shekaru a ƙulle ba ta mantawa, in ta sha danshi komawa take yi inda ta saba. Igiyar rijiya ta sha ruwan kanwa, kanwa kuma tana jawo raɓa ko a cikin ɗaki. Zoben da kike gani, karen da yake juyawa a ƙarshen igiya kullum shi yake murɗe ta. Kin ce yana lasar ta. Man shanun gidanku ne a jiki, da hannun kakarki aka shafa, kuma guntayen da kika bari a kan gwafa warinsu ɗaya. Hancinsa yake bi, ga kurciyoyi a ciki, wataƙila da dila a kusa.

Amma ba zan ce miki na gane duka ba. Tsayuwar da yake yi yana jiran kira, da nauyin da kike ji, da jelar nan, na juya su ban samu inda zan ajiye su ba. Mafaraucin ma da na faɗa masa, cewa ya yi a yi addu'a. Ba zan tsorata ki da abin da ban sani ba, ba kuma zan rantse miki babu komai ba.

Abin da na sani tabbas shi ne wannan. Igiyar nan ba don mutanen garinku aka ja ta ba, su sun san wurin. Don baƙo aka ja ta. Da an yanke gero makiyaya za su fara gangarowa daga arewa, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar nan, Bafillace ko Buzu, in ya ga igiya mai ƙulli ta tare hanya ya san ƙasan wurin rami ne, zai kaɗa dabbobinsa ya wuce. Yanzu hanyar a buɗe take. Wata mata za ta zo da jakinta da ƙishirwa ta ga rijiya. Saboda haka ba ƙonewa, ba binnewa, ba jefawa. Dole ta koma inda take kafin baƙi su iso, kuma ba ke kaɗai za ki mayar ba.

Laifinki a yankan igiya kaɗan ne. An kawo yarinya daga birni ba wanda ya zaunar da ita ya ce ga inda ba a zuwa, wannan sakacin manya ne. Maganar akwati ce taki, ita za ki gyara. Kuma 'yata, kakarki ta sani. Matar da ta yi shekara goma sha uku tana shafa wa ƙullin ɗanta mai ba ta bukatar ido ta gane shi. Ta yi shiru ne don tana so ki zo da ƙafarki. Ki same ta ita kaɗai da hantsi, ki durƙusa, ki sa igiyar a hannunta. In muryarki ta maƙale, ki ce ni ce na yanko, ki tsaya nan, ya isa. Ita za ta san yadda za ta gaya wa mai gari da liman, a haɗa igiyar, a ja ƙullin nan uku, a yi wa mamatan addu'a. Za a yi surutu a bakin rijiyar gari kwana biyu, Balki za ta samu abin faɗa, sannan a manta.

Baffanki kuma kada ki ɗauke shi mugu. Wansa ne a cikin ramin nan, kuma ba mamaki yana cikin waɗanda suka riƙe igiyar ranar. Mutumin da ya ga haka, in aka ce masa karen gidansa yana leƙa wurin yana kaɗa jela, tsoro ne zai yi magana a bakinsa. Gara ya ji gaskiya daga uwarsa kafin ya ji a waje. Ki roƙi kakarki ta nema miki wata ɗaya. A cikin watan nan Baffa ya gani da idonsa Gwanki yana wuce mararrabar da sabuwar igiya bai waiga gabas ba. Ina kyautata zaton zai wuce. In bai wuce ba, ko Baffa ya ƙi ba da watan, na yi magana da Malam Haruna, ya yarda zai karɓe shi ya riƙa bin sa a hanyar Agadas inda aka haife shi. Zai yi miki ciwo, na sani, amma zai rayu, kuma duk wata zai biyo ta ƙofar gidanku.

Ki yi wannan a ranar da takardar nan ta same ki, kada ki jira gobe. Ban san abin da Gwanki yake gani a ƙasan rijiyar nan ba, kuma ba na so ki zama wadda za ta gano mana.

Allah ya tsare ki, ya sanyaya zuciyar Baffanki, ya ba kakarki haƙuri. Ki gaishe min da ita da kyau.

Gwaggonki,
Bintu